Shafi na Ɗari Biyu da Tara

Jirgin ya bar Mostar rana ba ta gama fitowa ba,
amma zafi ya riga kowa samun kujera.
A cinyata kwandon ɓaure, saƙon Inna,
a kan kwandon littafi, aron maƙwabci,
bangonsa ya sha shayi har sau biyu.

Fitilar taragon ta mutu, mai duba tikiti ya ɗaga kafaɗa.
Hanyar kuwa duk hudar dutse ce.
In kama layi, duhu ya haɗiye shi,
in fito in tarar da matuƙin jirgin ruwan cikin labarin
yana nan bakin gaɓa, bai gama sallama da uwarsa ba.
Haka muka yi ta yi, ni da shi da duwatsu.
Can ba ka rasa ba kogin Neretva ya leƙo ta taga,
kore shar, kamar bai san ana bazara ba.

Sarajevo a kwari take,
gidan Gwaggo Azemina kuwa can sama, maƙwabcin gajimare.
Na ƙirga matakala har numfashi ya ƙwace lissafin.
Da hannu ta gane ni, yana ta rufe mata ido.
Ta shafa kumatuna ta ce na rame.
Ta shinshina ɓaure ɗaya
ta ce, na bishiyar bakin rijiya ne.
Nata ne kuwa.

Da safe jikanta Nedim ya zama ɗan jagora,
shekara tara, surutun mutum uku.
Ya bi da ni layin maƙeran tagulla,
inda guduma ke hira da guduma tun kafin a buɗe shago.
Tattabaru suka yi mana kwastan a bakin famfo,
sai da muka biya da gutsuren burodi.
Muka hau ƙaramin jirgin cikin gari ba don za mu ko'ina ba,
ya kewaya da mu ya dire mu inda ya ɗauke mu.
Wani bango na gani da ramuka, an cike su da siminti.
Na tsaya.
Tsofaffi ne, in ji Nedim,
ya ja hannuna zuwa wurin mai askirim.

La'asar sakaliya, baranda, gahawa a 'yar tukunya.
Karanta mini, in ji Gwaggo.
Na koma shafin farko saboda ita.
Ba ta bar marubucin ya huta ba:
wa ke shanya a ranar iska irin wannan?
Wace uwa ce za ta bar ɗa ya tafi ba guzuri?
Amma duk sanda matuƙin ya sauka wata tasha
sai ta ajiye kofi.
Ya aiko da wasiƙa?
Ɗanta Fikret yana arewa, ƙasar da ba ta iya faɗin sunanta daidai,
bazara uku ke nan yana cewa baɗi.

Kwana goma sha ɗaya.
Ɓaure ya ƙare, ta wanke kwandon ta cika shi da tuffa.
Saura shafi arba'in, na ce mu ƙarasa yau ko da dare ya raba.
Ta lalubo littafin ta rufe shi a kan yatsana.
Bar shi a teku, ta ce. Ba ya nitsewa in ba a karanta ba.
Na sa tsohon tikitina a ɗari biyu da tara,
ta tura shi ƙarƙashin matashi.

Maƙwabci zai yi mita, na sani.

A hanyar komawa hannuna wayam.
Dutse ya haɗiye mu, ya tofar, ya sake haɗiyewa,
gilashin taga na ba ni fuskata a kowane duhu,
tuffa na gungurawa a kwando in an sha kwana.